Dashain da Tihar: Lokacin da Mutanen Nepal Ke Komawa Gida

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau Nepal za mu leƙa, ƙasar da ke maƙale tsakanin Indiya da Sin, a gindin duwatsun Himalaya.

Baƙon da ya sauka Katmandu, babban birnin ƙasar, a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, tashar mota ce za ta fara ɗaure masa kai. Ku dubi motocin nan, kowace ta cika maƙil, kaya har kan rufi, ga wani can yana jan akuya. Kowa ƙauyensu ya nufa. Dashain ne ya zo, bikin da ya fi kowanne girma a ƙasar, kuma kwana 15 ake yi ana shagalinsa. Mabiya addinin Hindu, waɗanda ƙidayar 2021 ta nuna sun kai kashi 81 cikin ɗari na jama'ar Nepal, suna tunawa ne da nasarar da suka yi imani allahiyarsu Durga ta samu a kan wani mugun aljani.

A ranar farko ana shuka sha'ir cikin yashi a wani ɗaki mai duhu, a riƙa yayyafa masa ruwa. Da yake bai ga rana ba, sai ya tsiro rawaya. Shi suke kira jamara. Ranar goma kuwa ita ce ranar da kowa ya sha wahalar hanya dominta. Dattijon gida zai zauna, a gabansa faranti ɗauke da shinkafa ɗanya da aka kwaɓa da kindirmo da wani jan gari. Yara da jikoki su zo ɗaya bayan ɗaya su durƙusa. Tsohon ya ɗebo da yatsu ya manna wa kowa a goshi, ya saƙala masa jamara a bayan kunne, ya sa masa albarka, sannan ya damƙa masa ɗan kuɗi. Daga nan sai zaga dangi gida-gida. A bakin gari an kafa dogayen gora huɗu an ɗaura lilo, yara na ta shillo, gidaje kuma sai ƙamshin naman akuya.

Sai dai a gidaje da yawa layin masu durƙuson nan ba ya cika. Samarin Nepal da dama suna ci-rani a Ƙatar da Saudiyya da Daular Larabawa da Malesiya, kuma kuɗin da suke aikowa ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na arzikin ƙasar. Wanda ya taɓa ratsawa ta Doha ko Dubai, da wuya bai haɗu da su suna aiki ba. Sabbin tufafin yaran da akuyar da aka yanka, sau da yawa guminsu ne, su kuwa sai dai su gaida iyaye ta waya. Wannan ne ya fi taɓa min zuciya a duk bikin.

Kimanin mako biyu bayan an gama, sai Tihar, shi kuma kwana biyar. Ranar farko a zuba wa hankaka abinci. Ta biyu ta karnuka ce, har na titi a rataya musu furanni a wuya, a sa musu ja a goshi. Ta uku ta saniya, da dare a kunna fitilun mai a ƙofofi da tagogi. Yara na bin gidaje da waƙa da rawa, kamar dai tashe a ƙasar Hausa, a ba su kuɗi da sel roti, wani zoben garin shinkafa da ake soyawa. Ranar ƙarshe mata ke sa wa 'yan'uwansu maza ɗigo launi bakwai a goshi suna yi musu fatan tsawon rai.

In biki ya wuce, abincin yau da gobe dal bhat ne: shinkafa, romon wani ƙaramin wake, ganye da ɗan yaji-yaji, safe da dare, da hannu ake ci. Asabar ce ranar hutu. Kalandarsu ta fi ta Miladiyya da shekara 56 zuwa 57, agogonsu kuma yana gaban na Nijeriya da awa huɗu da minti 45.

Musulmi ma akwai su, kusan kashi biyar cikin ɗari, galibi a yankin Terai da ke kudu, kuma a tsakiyar Katmandu akwai masallacin Juma'a kusa da hasumiyar agogo ta Ghantaghar. Doka ta hana yanka saniya, don haka jan naman da za ku fi gani na ɓauna ne ko akuya. Mai neman halal sai ya tambaya a wajen masallacin. Wanda kuma ke son zuwa lokacin Dashain, ya kama tikitin mota da wuri, ya kuma sani cewa ofisoshi da shaguna da yawa a rufe zai same su na wasu kwanaki.