Amsoshin Tambayoyinku: Yaya injiniyoyi ke haɗuwa a cikin motar da ba a ƙera ba?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu da dama na wannan makon sun taru a kan abu guda, wato tabarau ɗin nan na kwamfuta da ake kira VR, wanda in mutum ya ɗaura a fuska sai ya ga kamar an ɗauke shi an kai shi wani wuri dabam. Masu tambayar wasannin yara su yi mana haƙuri. Yau ɓangaren masana kimiyya da injiniyoyi za mu taɓa.

Wasiƙar farko daga Samarun Zariya ta fito, daga wani ɗalibi mai karatun injiniya. Ya ce ya ji wai injiniyan da ke Amurka da wanda ke Jamus suna iya tsayawa tare a cikin motar da ba a ƙera ba, har ɗaya ya nuna wa ɗaya abu da yatsa. Yana tambaya ko gaskiya ne, ko kuwa tallar kamfanoni ce kawai, kuma yaushe aka fara.

Gaskiya ne ɗan'uwa, kuma da alama abin ya girme ka. Tun 1968 Ivan Sutherland ya haɗa tabarau na farko irin wannan a jami'ar Harvard. Wani ƙarfe ne ya sauko daga silin yana riƙe da shi yana bin motsin kai, kuma zanen layi-layi kawai ake gani a ciki. Mutum ɗaya yake gani, sauran sai dai ya ba su labari.

Wani babban mataki na shiga tare a Chicago aka yi shi, a 1992. A wani ɗakin bincike na jami'ar Illinois da ke can, wata ɗalibar digirin digirgir mai suna Carolina Cruz-Neira da malamanta biyu, Tom DeFanti da Dan Sandin, suka gina wani ɗaki da suka sa wa suna CAVE. Ƙafa 10 ne ta kowace fuska. Bango uku da daɓe duk allo ne, majigi na haska hoto a kansu. Wanda ya shiga yakan sa tabarau marar nauyi, mai rufe idon dama ya buɗe na hagu, ya rufe na hagu ya buɗe na dama, da saurin da ido ba ya iya lura. Kowane ido na samun nasa hoton, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su, abu ya fito tsaye a tsakiyar ɗaki da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa. Akwai 'yar na'ura a jikin tabarau ɗin da ke gaya wa kwamfuta inda kan mutum yake. In ya durƙusa sai ya ga ƙarƙashin injin, in ya leƙa sai ya ga bayansa. A hannunsa kuma akwai wata sanda ta nuni da kamawa. Abin da ya sa masana suka so ɗakin shi ne mutum huɗu ko biyar na iya tsayawa ciki, suna ganin hannuwansu da fuskokin juna, suna gardama a kan abin da ke gabansu.

Sai dai akwai matsalar da masu talla ba su cika faɗa ba. Kan mutum ɗaya kaɗai kwamfutar ke bi. Shi ne yake ganin hoton daidai, sauran kuwa suna ganinsa a ɗan karkace, gwargwadon nisansu da shi. In jagora ya ɗora yatsa a kan wani noti ya ce ga matsalar, na gefensa yana iya ganin yatsan a kan wani abu dabam. Shi ya sa ake cunkushewa a bayan kafaɗar jagora, ko a riƙa karɓa-karɓar tabarau ɗinsa. Sai a 2011 masu bincike a jami'ar Bauhaus da ke Weimar a Jamus suka nuna wani allo da mutum shida ke kallo lokaci guda, kowa da nasa ganin daidai da inda yake tsaye. A ganina nan ne wuyar aikin take. Zana hoto mai kyau ya zo da sauƙi idan aka kwatanta da sa mutum biyu su tabbata abu ɗaya suke kallo.

Haɗa ɗaki da ɗaki ta waya kuwa, an nuna shi a babban taron masu manyan kwamfutoci a San Diego a 1995. A shekarun nan ne kuma kamfanin Caterpillar ya gwada abin da ka ji labari, tare da cibiyar manyan kwamfutoci ta NCSA da ke Urbana a Amurka da wata cibiyar bincike ta Jamus mai suna GMD. Injiniyoyi a ɓangarori biyu na teku suka shiga katafila guda ta cikin kwamfuta, kowa na ganin bidiyon fuskar ɗan'uwansa a wurin da yake tsaye a jikin motar.

Ta biyu daga Maraɗi, daga wani bakanike. Tambayarsa gajera ce: me wannan ya fi zane a takarda ko a allon kwamfuta da shi?

Maigida, kai ne ma ya kamata ka fi kowa son abin nan. Sau nawa ka buɗe mota ka tarar da noti a lungun da sifana ba ta shiga, sai an sauke rabin inji kafin a kai gare shi? Wanda ya zana motar a allo ya ga notin sarai, amma bai taɓa miƙa hannu wurin ba. Zane a takarda yana ba da awo. Abin da ba ya bayarwa shi ne jin girman abu a jikin mutum. Abin da Caterpillar suka fi nema ke nan: a zaunar da direba a kujerar da babu ita, a tambaye shi ko yana ganin bakin bokiti, ko wani ƙarfe ya tare masa mutumin da ke tsaye a baya. In ya ce ya tare, sai a matsar da ƙarfen nan take a sake dubawa. A da sai an yanka ƙarfe an yi walda an haɗa samfuri, watanni sun wuce, kafin a gane. Kamfanin Ford ma ya kafa irin wannan ɗaki a Dearborn da ke jihar Michigan, kuma ya haɗa shi da cibiyoyinsa na wasu ƙasashe har da Ostireliya, ana duba mota guda daga wurare masu nisa.

Masana kimiyya kuma wata buƙatar ce ta kai su. Su abin da ido ba ya gani suke so su gani. A 1991 Steve Bryson da Creon Levit na cibiyar Ames ta hukumar NASA suka yi wani tsari da mutum zai sa safar hannu mai na'ura, ya saki hayaƙin ƙarya a kowane gefe na jirgi, ya ga yadda iska ke murɗawa a jikinsa. Kamfanin mai na Norsk Hydro a Norway ya kafa nasa ɗakin a Bergen a 1997, inda masanin duwatsu da injiniyan haƙa rijiya ke tsayawa tare a cikin taswirar ƙarƙashin teku, su ja layin da bututu zai bi. Da can kowa a ofishinsa yake, ana aika wa juna takarda. Daga 2015 kuma NASA da Microsoft suka fito da OnSight, wanda ke harhaɗa hotunan da motar Curiosity ke turowa daga duniyar Mars, sai masana daga garuruwa dabam-dabam su haɗu a filin, su zagaya dutse, su yanke shawarar inda motar za ta nufa.

Amma kada a ɗauka gani ya kori gwaji. Hayaƙin da ke murɗawa a jikin jirgin nan lissafi ne aka mayar hoto. In lissafin ya kuskure, hoton zai fito da kyansa, kuma ƙarya yake yi. Hannu ma ba ya jin nauyin ƙarfe ko zafinsa yadda ya kamata. Har gobe kamfanonin mota suna buga motar gaske da bango kafin su sayar.

Wata malama daga Kumasi ta rubuto cewa ɗanta ya gwada tabarau ɗin a wani shago, ya cire yana jiri da tashin zuciya. Tana tambaya ko akwai illa.

Malama, hankalinki ya kwanta, yawanci yana wucewa in an huta. Ido ne ke cewa ana tafiya, cikin kunne da ke kula da daidaiton jiki yana cewa ana tsaye, kamar dai jirin mai karatu a cikin mota. Abin yana ƙaruwa in hoto ya makara. Masu ƙera na'urorin suna ƙoƙarin kada a wuce kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa tsakanin juya kai da sauyawar hoto, kuma hoton ya sabunta wajen sau 90 a daƙiƙa. Da ya ji jiri ya cire, kada ya daure. A kuma duba shekarun da kamfani ya ƙayyade a jikin kwali. In jirin ya ƙi tafiya ko ido na ciwo, a ga likita.

Ta ƙarshe daga Kano, daga wani malamin kimiyyar haɗa magunguna. Ya ce da irin intanet ɗinmu da irin wutarmu, shin akwai ranar da ɗalibansa za su shiga irin wannan zama da takwarorinsu na Turai, ko kuwa sai kallo?

Malam, bari mu yi lissafi tare. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Wayar MainOne da aka shimfiɗa a teku daga Fotugal zuwa Legas, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta wajen kilomita 7,000 ne. Zuwa kaɗai kashi 35 cikin 1,000 na daƙiƙa ke nan, zuwa da dawowa 70, tun ba a sa tafiyar Legas zuwa Kano ba. Ka ga an riga an wuce 20 ɗin da muka ambata. Da a ce daga Turai ake zana hoton ana turo maka duk lokacin da ka juya kai, da ba ka yi minti biyar ba. To ba haka ake yi ba. Kowa yana da kwafin samfurin a na'urarsa, ita ke zana masa hoto a nan inda yake. Abin da ke ƙetare teku ɗan kaɗan ne: inda kanka yake, inda hannuwanka suke, muryarka, da abin da ka taɓa. In hannun abokin aikinka ya ɗan makara, ba ya sa jiri. Inda makarar ke kawo rigima shi ne in mutum biyu suka kai hannu kan abu guda lokaci ɗaya, shi ya sa manhajoji da yawa ke kulle abu ga wanda ya riga kamawa har sai ya saki. Nauyin data yana wurin sauke samfurin da farko, kuma wannan ana iya yinsa da dare kafin ranar zama. Layin da ba ya yankewa ya fi layi mai gudu amfani a nan.

Kuɗi ma ya sauko ƙwarai. Ɗakunan farko da manyan kwamfutocin Silicon Graphics suke aiki, sai jami'a mai ƙarfi ko kamfanin mai. An ci gaba da gina irinsu, kamar mai fuska shida da jami'ar KAUST ta Saudiyya ta buɗe da shi a 2009. Amma bayan Facebook ya sayi kamfanin Oculus mai ƙera tabarau ɗin a 2014 a kan kusan dala biliyan 2, tabarau ya shigo kasuwa, har Quest 2 ya fito a 2020 a kan dala 299. Yana da batir, yakan yi wajen awa biyu. A fanninka kuma akwai ChimeraX ta jami'ar California da ke San Francisco, kyauta ce ga masu koyarwa da bincike, kuma tana ba mutane dama su haɗu a cikin ƙwayar furotin guda, su juya ta, su duba inda magani ke maƙalewa. Ita tana son kwamfuta mai katin hoto mai ƙarfi a gefe, don haka a sa kuɗin kwamfutar da na sola ko inbata a lissafi. Masu lissafin iska da ruwa kuma suna da ParaView, ita ma kyauta.

Shawarata, tabarau ya zama sayayyar ƙarshe. A fara sa ɗalibai su ƙware da manhajar a allo, su iya ɗauko siffar furotin daga rumbun Protein Data Bank, wanda kowa ke shiga kyauta, su san abin da suke nema a jikinta. Sannan a nemi abokan aiki a waje masu tambaya iri ɗaya da taku, a sa rana. Tabarau biyu sun isa a fara, sauran 'yan aji su bi zaman a allo.

Lokaci ya cim mana. Masu tambaya a kan aikin tiyata da wannan fasaha, wasiƙunku suna hannu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.