'Yan Ruwan Tangaran: Takardar Baya Ko Jikin Kaya?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Tun daga ranar da muka nuna hoton 'yar ruwan nan mai koriyar wutsiya, wato mutum-mutumin tangaran mai jikin mace da wutsiyar kifi, saƙonni ba su daina shigowa ba, kuma kusan dukansu tambaya ɗaya suke ɗauke da ita, wato ko wadda mutum yake riƙe da ita tsohuwa ce ta gaske ko kuwa ta jiya-jiya ce. Mun tsara cewa za mu taɓa abu uku a yau: yadda ake gane ta asali, da yadda ake sanin inda ta fito, da yadda ake wanke ta a adana. Hajiya Rabi tana tare da mu, haka ma Malama Jamila.

Hajiya Rabi: Malam, kafin mu shiga tsarin naka, ina da ƙorafi a kan masu sauraronmu. Na zauna na duba hotunan da aka turo ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar mafi yawansu hoton takardar da aka liƙa a baya ne kawai, babu fuska, babu wutsiya, babu gindi. Mutum zai turo mini hoton ɗan jan tambari mai ruwan zinare, ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa ta Lefton ce, ya tambaye ni shekarunta. To ni ba takarda nake tarawa ba. Takarda abu ce da hannu ya liƙa, kuma hannun da ya liƙa ta a shekarar 1956 ba shi ne hannu na ƙarshe da ya iya liƙa takarda ba.

Jamila: Amma Hajiya, ai da takardar ce muka fara koyo, ke ma da ita kika fara nuna mini.

Hajiya Rabi: Gaskiya ne, ƙanwata, amma na gaya miki abin da takardar take nufi. Sunayen nan da kowa yake haddacewa, Lefton da Napco da Norcrest da Enesco, sunayen 'yan kasuwar Amurka ne masu shigo da kaya, ba sunayen masu ƙera su ba. George Zoltan Lefton mutumin Hangari ne da ya yi ƙaura zuwa Shikago, ya kafa kamfaninsa a 1941, kuma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya fara shigo da tangaran daga Japan. Napco kuwa a jihar Ohayo aka kafa shi a 1938, Norcrest kuma yana birnin Fotlan na jihar Oregon. Waɗanda suka zuba yumɓun, suka gasa, suka zauna da ɗan siririn buroshi suna zana gashin ido, ma'aikata ne a ƙananan masana'antu na Japan, da yawansu a yankin Seto da Nagoya, kuma galibinsu ba a rubuta sunansu a jikin komai ba. Masana'anta ɗaya tana iya sayar wa dillalai biyu, shi ya sa za ki ga 'yan ruwa biyu masu kama ɗaya kamar an tsaga kara, wannan da takardar wani kamfani, waccan da ta wani. Ƙari a kan haka, a bangon banɗaki aka rataye yawancinsu, wurin da tururin ruwan zafi yake bugun su safe da yamma shekara da shekaru, don haka ta gaske ce ma ta fi yawan rasa takardarta. Idan na ga takarda tana ƙyalli, gefenta bai naɗe ba, alhali bayan 'yar ruwan ya yi dauɗar shekara sittin, sai hankalina ya tashi maimakon ya kwanta.

Malam Nasiru: To rubutun da aka buga a jikin yumɓun kansa fa? Wannan ai ba a ɓare shi.

Hajiya Rabi: Wannan ya fi takarda daraja, matuƙar mutum ya san tarihinsa. Dokar harajin Amurka ta 1890 ce ta tilasta a riƙa rubuta ƙasar da kaya ya fito, sai Japanawa suka riƙa rubuta "Nippon", sunan ƙasarsu da harshensu, daga 1891, har zuwa 1921 da aka ce musu sai dai su rubuta "Japan". Rubutun nan na "Made in Occupied Japan" kuwa na zamanin da sojojin ƙawance suke riƙe da ƙasar ne bayan yaƙi, kuma mamayar ta ƙare a 1952. 'Yan ruwan da muke magana a kansu, masu manyan idanu da kumatu kamar na jariri, yawancinsu na shekarun 1950 da 1960 ne. Saboda haka duk wanda ya nuna maka irin wannan mai ɗauke da "Nippon" a bayanta, ya haɗa kaka da jika a shekara ɗaya.

Jamila: Akwai mai sauraro da ta ce tata ba ta da takarda, ba ta da rubutu, sai wani harafi da lambobi da baƙin tawada.

Hajiya Rabi: Wannan lambar kaya ce ta dillali, kuma da ita ake bin sawu a tsofaffin kundayen tallan kamfanonin. Amma bari in faɗi abin da na fi dogara da shi, domin shi ne ba a iya yi masa ƙarya cikin sauƙi. Ana dama yumɓu ne ya yi ruwa-ruwa, a zuba shi cikin mazubi na filasta, filastar ta tsotse ruwan da ke kusa da ita har ɓawo ya yi kauri, sannan a tsiyaye sauran. Shi ya sa cikinta fanko ne, kuma shi ya sa ake samun rami a baya ko a gindi. Yumɓun nan yana ƙanƙancewa idan ya bushe, ya ƙara ƙanƙancewa a wuta, abin da zai kai wajen kashi ɗaya cikin goma. Mai yin jabu ba shi da mazubin asali, sai dai ya ɗauki tsohuwar 'yar ruwa ya yi sabon mazubi a kanta, ya zuba, ya gasa, ita ma tasa ta ƙanƙance. Don haka kwafi kullum ya fi na asali ƙanƙanta, kuma idan kin jera su gefe da gefe za ki ga bambancin ba tare da kin nemi ma'auni ba. Sannan ki shafa wutsiyar da babban yatsa. A ta asali ɓawon kifin yana kama yatsa ɗaya bayan ɗaya, yatsun hannunta a rarrabe suke, silin gashinta yana da zurfi. A kwafi kuwa komai ya narke ya yi laushi, kamar fuskar da aka gani ta cikin hazo.

Malam Nasiru: Ni dai da na san wannan tun farko, da ban shiga wahalar kumfa ba.

Jamila: Na san sai mun zo kan kumfar Malam.

Hajiya Rabi: Ai dole mu zo, domin masu sauraro sun fi tambayar lafiyar marainiyarsa a kan lafiyarsa shi kansa.

Malam Nasiru: To bari in faɗa da bakina kafin a ƙara mini gishiri. Waɗannan na bango ba su zuwa su kaɗai, saiti ne ake sayarwa, 'yar ruwa ɗaya ko biyu tare da 'yan ƙwallayen kumfa waɗanda ake ratayewa sama da kanta, wani lokaci har da kifi ko ɗan dabbar tekun nan mai kan doki. Na sayi tawa a gwanjon intanet ita kaɗai, hannunta a ɗage tana kallon sama, babu abin da take kallo. Hajiya ce ta sa mata suna marainiya. Na yi wata takwas ina neman kumfarta, daga ƙarshe na samu guda uku a wurin wani mai sayarwa, na biya abin da ya fi kuɗin ita 'yar ruwan, na jira saƙon kamar mai jiran haihuwa.

Jamila: Kuma da suka iso guda biyu ne da rabi.

Malam Nasiru: Guda uku ne, Malama, ɗaya ce ta ɓantare a hanya.

Hajiya Rabi: Ɓantarewar nan ce ta tona asiri, domin da ya kawo mini na ga wurin fari fat yana zubar da gari a tafin hannuna. Na ce masa, Malam, marainiyarka tangaran ce, kumfarka kuwa alli ce, ka haɗa auren da ba a yi bincike ba.

Malam Nasiru: Ni kuma na ce a bango babu wanda zai taɓa ya gane.

Hajiya Rabi: Na ce ni zan gane.

Jamila: Har yanzu biyu da rabin suna rataye, Malam?

Malam Nasiru: Suna nan, na juya ɓantararriyar ta fuskanci kusurwa, kuma ina ganin marainiyar ta fi walwala tun da ta samu abin kallo.

Hajiya Rabi: Walwalar da fenti ya yi mata tun kafin a haife ka. Amma kada a ɗauka na alli jabu ne, shi ma tsohon kaya ne mai masu nemansa. Kamfanin Miller Studio na Ohayo ya yi kifaye da kayan bango na alli masu yawa, kuma sau da yawa za ka ga sunan da shekarar a gefen kayan. Bambancin shi ne na alli a cike yake ba fanko ba, bayansa a shafe yake da ɗan ƙarfen rataya da aka binne tun yana ɗanye, fentinsa a sama kawai yake ba a gasa shi ba, kuma idan ka ƙwanƙwasa shi da farce ba ya amsawa. Tangaran lafiyayye yana da 'yar ƙara siririya, yana da sanyi idan ka ɗora shi a kumatu. Na roba mai tauri da ake zubawa yanzu kuwa ba ya riƙe sanyi haka.

Jamila: Akwai nau'in da ni ya fi ruɗa ni, Hajiya. Na taɓa samun wata babba, mai nauyi, an ƙarce sunan wata mata da shekarar 1972 a gindinta, ga kuma rubutun Holland Mold.

Hajiya Rabi: Wannan aikin gida ne. A shekarun 1960 da 1970 mata da yawa a Amurka suna zuwa ajin koyon tangaran, a zuba musu a mazuban da kamfanoni irin su Holland Mold da Atlantic Mold da Arnel's suke sayarwa, kowace ta yi fentinta, ta ƙarce sunanta. Sunan kamfanin da kika gani na mai mazubi ne. Tsohuwa ce, babu ƙarya a ciki, amma kyanta ya dogara ga hannun wadda ta yi fentin, kuma na ga wasu da idonsu ɗaya yake kallon gabas ɗaya yamma. Kada kuma a manta ba duka ne daga Japan ba, domin a Kalifoniya ma an yi, irin na Freeman-McFarlin da Ceramicraft, waɗanda sukan fi girma da sauƙin ado.

Malam Nasiru: Masu sauraro da yawa sun ambaci 'yan tsage-tsagen nan masu kama da saƙar gizo-gizo a kan ƙyallin, suna cewa shaidar tsufa ce.

Hajiya Rabi: Ba shaida ba ce. Abin da ke kawo su shi ne jikin yumɓun da ƙyallin da aka shafa masa ba sa miƙewa da takurewa daidai da juna idan zafi ko danshi ya canza, kuma hakan yana iya faruwa da sabon kaya tun fitowarsa daga wuta, har ma akwai masu yin sa da gangan su shafa masa launi don ya yi duhu. Abin da ya fi kamata a duba shi ne gyara. Wuraren da suke karyewa sanannu ne, wato bakin wutsiya da yatsu da wuya. Ka kashe fitilar ɗaki, ka haska ta da fitilar nan mai shuɗin haske irin wadda ake duba takardar kuɗi da ita, sau da yawa gam da sabon fenti za su fito da launi dabam da sauran jikin. Ni har haƙori nake sa wa a hankali, domin ƙyallin asali yana da tauri kamar gilashi, wurin da aka cike kuwa yana da taushi. Ban ce kowa ya yi ba, tunda tsohon ƙyalli yana iya ƙunsar dalma. Gyara ba ya hana ni saye, abin da ke ɓata mini rai shi ne a ɓoye shi.

Jamila: Ina so in yi tambaya a kan ƙananan nan marasa ƙyalli na Jamus, waɗanda ake sakawa cikin akwatin kifi.

Malam Nasiru: Malama, mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu tun ɗazu, kuma ba mu ko taɓa maganar wanki ba. Hajiya, a cikin numfashi ɗaya.

Hajiya Rabi: Kada a jiƙa ta a ruwa, domin takardar za ta tashi, jan leɓe da ruwan zinaren da aka shafa bayan an gasa ta za su bi ruwa, na alli kuwa lalacewa zai yi. Busasshen buroshi mai laushi ya isa, sai ɗan auduga mai danshi a wurin da yake da ƙyalli kawai. A duba ƙusa da rataya kafin a mayar da ita bango.

Malam Nasiru: Na Jamus sai mako mai zuwa. Masu turo hoto kuma a haɗa da fuska da wutsiya da gindi, a ajiye ma'auni a gefe.

Hajiya Rabi: Wanda kuma yake da kumfa ɗaya ta tangaran da ba ya buƙata, ya tuna da Malam.