Sharhi: Rigimar Dankalin Amflora, Wa Ke Da Iri?

Jama'a masu saurare barkanmu da war haka. Yau kan dankalin turawa za mu yi magana, amma fa wanda aka yi don masana'anta, mai suna Amflora, ba na suya da ƙwai ba.

Shi sitacin dankali kashi biyu ne, akwai amilofektin wajen kashi 80 cikin ɗari, sai amilos wajen 20, su kuma masu yin takarda da gam da yadi na farkon suke so don shi ke yin yauƙi da danƙo, raba su kuwa a injin akwai cin kuɗi sosai. To sai masana suka ce me zai hana a kashe ƙwayar halittar da ke yin amilos ɗin tun a jikin shukar? Aka yi, ya kuma yiwu.

Nan fa rigima ta tashi, masu bincike na Holan da na Suwidin kowa ya ce shi ya riga, har gaban ofishin rajistar fasaha na Amurka, lokacin dokarsu wanda ya fara ƙirƙira take ba wa haƙƙi ko da wani ya riga shi kai takarda. Lauyoyi suka yi ta tono kwanan wata a takardu.

Shi dankalin fa? Kamfanin BASF na Jamus ya shafe sama da shekara 10 yana jiran izini, sai Maris 2010 Tarayyar Turai ta amince a noma Amflora, 2012 kamfanin ya haƙura ya kwashe sashensa na binciken sauya halittar tsirrai ya koma Amurka don mutanen Turai sun ƙi abin, a Disamba 2013 kuma kotun Tarayyar ta soke izinin ma baki ɗaya bayan ƙarar da Hangari ta kai.

Ni abin da ke ci min rai wallahi, duk wannan shari'ar ba a ji ta bakin manomi ba, alhali shi dankali daga ɗansa ake shuka shi, ka girbe ka ware iri ka ajiye, to in irin na kamfani ne wanda ka ajiye a ɗakinka na waye? Najeriya ma ta yi dokar kare haƙƙin masu samar da sabon iri a 2021, ya kamata a fassara ta a kai wa manoman dankali na Bokkos da Mangu a Jihar Filato su ji abin da ta ce kan ajiye iri kafin wani ya zo musu da takardar sa hannu.