Igiyar Intanet Ta Ƙarƙashin Teku: Ta Yaya Ake Gane Inda Ta Lalace?

Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa, tura kuɗi ta banki ya gagara a Najeriya. Tun lokacin ake tambaya: igiyar da haske ke bi ta cikinta, me ya sa ake yi mata gwajin lantarki don gane inda ta lalace?



In aka yanka igiyar, za a ga zaren gilashin da haske ke bi a tsakiya. Abin da ya kewaye shi jan ƙarfe ne, sai roba mai kauri. Haske yana raunana a tafiya, shi ya sa duk kilomita 60 zuwa 100 akwai na'urar da ke ƙara masa ƙarfi, ita kuwa wuta take ci. Tashoshin bakin teku ne ke turo wutar ta jan ƙarfen, kusan amfiya 1 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana), da ƙarfin turawa da kan kai bolt 10,000.

To, a nan ake ruɗewa. Idan anga (ƙarfen tsayar da jirgin ruwa) ko komar masunta ta yage robar, ruwan gishiri ya taɓa jan ƙarfen, wutar sai ta tsiyaye a daidai wurin. Injiniya yana tasha, bai ga komai ba, amma ya san kowace kilomita tana cin kusan bolt 1, kowace na'ura ma da nata kason. Sai ya duba bolt nawa ake buƙata yanzu, ya cire kason na'urorin, abin da ya rage ya nuna masa nisan. Wannan lissafi yana burge ni ƙwarai.

Sai dai ba ya faɗa daidai wa daida. Sanyin ruwa yana canza yadda jan ƙarfe ke ɗaukar wuta, ramin da aka yage ma yana cin nasa bolt ɗin. Don haka ake aunawa daga tashoshin biyu, a rage wutar, a maimaita. In zaren gilashin ya tsinke, ana harba haske a ƙirga lokacin dawowarsa.



Daga tasha sai a saka wa igiyar wata siginar wuta mai kaɗawa kusan sau 25 a daƙiƙa, jirgin gyara ya bi ta har inda ta ɓace. A jefa ƙugiya a ɗago igiyar, a kashe wutar kafin kowa ya taɓa, a yanke ɓangaren, a haɗa sabo. Kafin a mayar da ita ƙasa, ana ɗaukar hoton cikin mahaɗin, a sake gwada ko robar tana riƙe wuta.