Ƙasusuwan Anyang da Malam Wang Guowei

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, ɗalibai, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da war haka.

An ce in yi magana a kan tunanin mutanen Sin na dā da addininsu. Awa ɗaya ba za ta ɗauki wannan ba, don haka na tsaya a kan malami ɗaya, Wang Guowei, wanda aka haifa a 1877 a garin Haining na lardin Zhejiang, ya rasu a 1927. Amma kafin mu kai gare shi sai mun bi ta shagon masu magani.

A ƙarshen ƙarni na 19, manoman wani ƙauye mai suna Xiaotun, kusa da birnin Anyang a lardin Henan, sukan tono tsofaffin ƙasusuwa a gonakinsu. Sai su sayar wa masu maganin gargajiya, a daka, a ba marasa lafiya da sunan ƙashin dodo. A 1899 wani babban jami'in ilimi a Beijing, Wang Yirong, ya lura cewa zanen da ke jikin ƙasusuwan nan rubutu ne, kuma ya girmi duk wani rubutun Sinanci da aka sani. Ana ba da labari wai zazzaɓi ya kama shi, ya ga rubutun a cikin maganin da aka sayo masa. Labarin da daɗi, amma masana da yawa ba su yarda da shi ba. Abin da ya tabbata shi ne ya shiga sayensu, ya mutu a 1900, tarinsa ya koma hannun Liu E, shi kuma ya buga hoton rubutun guda sama da 1,000 a 1903. Dillalai sun ɓoye inda ake samo kayan don kada kasuwa ta ɓaci, sai da wani mai suna Luo Zhenyu ya bi diddigi ya gano Xiaotun ne, kuma nan ne kufan babban birnin daular Shang na ƙarshe.

Wannan Luo shi ne ubangidan Wang Guowei. Wang bai fara da ƙasusuwa ba. Yana saurayi a Shanghai, falsafar Jamusawa ta ɗauke masa hankali, Kant da Schopenhauer, daga baya ya koma kan waƙa da wasan kwaikwayo. Da aka tumɓuke sarautar Qing, gidan sarautar Sin na ƙarshe, a juyin 1911, ya bi Luo zuwa Kyoto a Japan, can ya zauna cikin littattafai da ƙasusuwan maigidansa har 1916. A nan ya zama mutumin da muke magana a kai.

To, mene ne a jikin ƙasusuwan? Duba ne. Sarkin Shang ba ya fita yaƙi ko farauta, ba ya yanka wa kakanni dabba, sai an duba. A samo allon kafaɗar sa, ko ƙoƙon cikin kunkuru, a kankare shi tas, a fafe 'yan ramuka a bayansa. Mai duba ya faɗi magana, sannan a dasa wani abu mai zafi a ramin, gaban ƙashin ya tsage. Wannan tsagar ake karantawa. Sau da yawa maganar biyu ce, a dama a ce za a yi ruwa, a hagu a ce ba za a yi ba. Bayan an gama sai a sassaƙa ranar da aka yi duban, da sunan mai duban, da maganar, wani lokaci da abin da sarki ya karanta, wani lokaci har da abin da ya auku daga baya.

Bari in ba ku guda ɗaya ku ji yadda take. Zamanin Sarki Wu Ding ne, wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Matarsa Fu Hao tana da ciki. Sarki ya dubi tsaga ya ce in ta haihu ranar Ding, alheri, in ranar Geng ce, alheri mai ɗorewa. Sai mai sassaƙa ya ƙara a ƙasa: bayan kwana 31, ranar Jiayin, ta haihu, ba alheri ba, mace ce. Na ga 'yan'uwa mata sun ɓata rai. Ku yi haƙuri, haka aka rubuta. Amma ku ƙara da wannan: ita Fu Hao ɗin, ƙasusuwan sun nuna tana jan runduna zuwa yaƙi, kuma da aka tono kabarinta a 1976 ba a taɓa shi ba, an sami kayan tagulla sama da 400, da wuri kusan 7,000, da makamai. Wadda ta jagoranci tonon ma mace ce, Zheng Zhenxiang.

Yanzu ga aikin Wang. Sinawa suna da babban littafin tarihi, Shiji, na Sima Qian, wanda aka rubuta wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa. A ciki akwai jerin sarakunan Shang da kakanninsu. Matsalar ita ce tsakanin faɗuwar Shang da Sima Qian akwai shekara sama da 900. Wa zai ce jerin nan ba ƙirƙira ba ne? A 1917 Wang ya fitar da bincike biyu, ya bi sunayen da ke jikin ƙasusuwa ɗaya bayan ɗaya yana gwada su da na littafin. Mafi yawansu suka fito. Ba nan ya tsaya ba. Ya lura da gutsure biyu, ɗaya a tarin Luo, ɗaya a tarin wani attajiri a Shanghai, ya ga asalinsu ƙashi ɗaya ne ya karye. Da ya haɗa bakinsu, sai ga kakanni shida a jere: Shang Jia, Bao Yi, Bao Bing, Bao Ding, Shi Ren, Shi Gui. Sima Qian yana da su duka, sai dai ya sa Bao Ding a gaban Bao Yi da Bao Bing. Ƙashi ɗaya ya gaskata littafin, kuma ya gyara shi.

Akwai kuma wani kaka, Wang Hai, da ake yanka wa shanu masu yawa. Shiji ya kira shi da wani suna daban, Zhen. Wang Guowei ya je ya samo sunan Wang Hai a cikin Shanhaijing, littafin da malamai suka ɗauka tatsuniyoyi ne zalla, cike da dodanni da tsuntsaye masu ban mamaki. Wato littafin da aka raina ya riƙe sunan da littafin da ake girmamawa ya jirkita.

Ku riƙe wannan, domin a 1923 wani matashin malami, Gu Jiegang, ya tayar da ƙura. Ya ce tarihin dā na Sin tulawa aka yi, gwargwadon yadda marubuci ya zo daga baya, gwargwadon yadda labarinsa yake nisa can baya, kuma sarakunan farko suke ƙara tsarki. Yana da gaskiya a wurare da yawa. Wang, a darussan da ya bayar a makarantar Tsinghua ta Beijing a 1925, bai ce a gaskata komai ba, bai ce a watsar da komai ba. Ya ce a kawo shaida biyu, ta kan takarda da ta ƙarƙashin ƙasa, a sa su fuskanci juna. Mu da muke da Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, mai jero sarakuna tun daga Bagauda, mun san wannan ciwon kai. Bambancin shi ne su Allah ya ba su rubutun zamanin sarakunan kansu a binne.

Sai dai wasu sun ja hanyar Wang fiye da ƙarfinta. Suka ce tunda Sima Qian ya yi daidai a kan Shang, to ya yi daidai a kan daular Xia da ya ce ta gabace ta. Ni ban ga hujja a nan ba. Har yau ba a tono rubutun zamanin Xia mai ambaton sarakunanta ba, kuma shaida ɗaya ba ta zama biyu don an so.

Mu dawo kan addini. Sunayen nan, Jia, Yi, Bing, Ding, sunayen ranaku ne. Makon Shang kwana 10 ne, kowane kaka yana da ranarsa, a ranar ake yi masa yanka. Saboda haka jerin sarakuna a wurinsu jadawalin ibada ne, in ka karkace shi ka ɓata wa wani kaka rai. Kuma kakannin nan ba su da sauƙi. Haƙorin Wu Ding ya yi ciwo, sai a duba a ga wane ne cikin iyayensa da suka mutu ya jawo, a san abin da za a yanka masa. Yankan kuwa shanu, tumaki, aladu, karnuka, har da mutane, yawanci kamammun yaƙi daga wata al'umma da ake kira Qiang. A sama da kakanni akwai Di, mai umartar ruwa da iska da tsawa, mai saukar da fari. Abin lura, da wuya ka ga an yi wa Di yanka kai tsaye. Ta hannun kakanni ake bi, kuma sarki ne kaɗai yake da kakannin da suka isa. Kun ga inda addini da mulki suka haɗu.

A wannan shekara ta 1917 Wang ya rubuta wata maƙala da ya ce babu wani sauyi a siyasa da al'adun Sin da ya kai wanda aka yi tsakanin Shang da daular Zhou, wadda ta kayar da ita wajen 1046 kafin haihuwar Annabi Isa. A Shang sarauta takan tafi daga wa zuwa ƙane. Zhou suka tsayar da ita a kan babban ɗan uwargida, daga nan tsarin dangi da na makoki ya fito, da hana aure tsakanin masu sunan gida ɗaya. Su ne kuma suka zo da maganar cewa Tian, wato Sama, tana ba da mulki ga mai adalci, tana ƙwacewa daga azzalumi. A kan wannan gado Konfushiyas, shahararren malamin Sinawa, ya tsaya shekara kusan 500 daga baya. A ganina Wang ya zuzuta bambancin. Zhou sun gaji rubutun Shang da ƙirar tagullarsu da bautar kakanni. Kuma mai karanta maƙalar zai ji muryar mutumin da yake makokin sarautar da ta rushe a gaban idonsa, yana neman ya nuna cewa tsohon tsari a kan ɗa'a aka gina shi.

Haka ya rayu. Bai aske jelar gashinsa ta zamanin Qing ba har ya mutu. A 1923 ya shiga hidimar Puyi, sarkin da aka sauke amma aka bar shi a fada, a 1924 aka kori Puyi daga fadar. Ranar 2 ga Yuni, 1927, sojojin 'yan kishin ƙasa suna nufo arewa, Wang ya tafi tafkin Kunming a Fadar Bazara ta Beijing ya faɗa ruwa. Har yau ana gardama a kan dalili. Abokin aikinsa Chen Yinke ya ɗauka mutuwar al'adar da ya rayu dominta ce ta tafi da shi.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1928, cibiyar bincike ta Academia Sinica ta fara tono a Anyang, ƙarƙashin Dong Zuobin da Li Ji, har zuwa 1937 da yaƙi da Japan ya tsayar da su. A 1936 rami ɗaya kawai ya ba da gutsure sama da 17,000, kusan duka na kunkuru. Wang bai ga ko ɗaya ba; da kayan dillalai ya yi aikinsa duka. Yau gutsuren da aka tara sun kai wajen 150,000, haruffan da ke jikinsu sun haura 4,000, waɗanda aka iya karantawa ba su kai rabi ba. A 2016 gidan tarihin rubutun Sinanci da ke Anyang ya sa ladan yuan 100,000 ga duk wanda ya warware harafi ɗaya da hujja. Ɗalibai, na ga kun gyara zama. Sai kun fara koyon Sinanci tukuna.

Shugaba yana nuna mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu.