Kafin rahoton kuɗi, maganar takardun 'ya'yanmu

Ma'aji, ka yi mini haƙuri, ajiye littafin nan tukuna. Na san rahoton kuɗi ne a gaba, amma akwai abin da ya hana ni barci tun daren Talata, kuma in ban sauke shi ba, kunnena ba zai ji lissafin haya da lemo ba.

Ɗaya daga cikin iyayenmu mata ta kira ni wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ta yarda in faɗi maganar, ban da sunanta. Ɗanta da aka haifa a nan Landan, wanda da yawanmu muka ci naman sunansa, ya cika shekara 18, ya ci jarrabawa, jami'a ta ba shi gurbi. Da aka zo neman rancen karatu sai aka ce ya kawo shaidar matsayinsa a ƙasa. Babu. Ba fasfon Birtaniya, ba na Najeriya. Da na je gidan washegari, ta zazzage mini wata jakar leda a kan tabarmar sallah: takardar haihuwa, jan littafin rigakafi, hotunan makaranta. Ta ce, "Shugaba, ai a nan aka haife shi."

Jama'a, nan ba Amurka ba ce. Tun 1 ga Janairun 1983 haihuwa kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasar nan, sai in uwa ko uba ɗan ƙasa ne, ko yana da izinin zama na dindindin a lokacin haihuwar. Amma doka ta bar ƙofa: yaron da aka haifa a nan, ya yi shekara 10 na farkon rayuwarsa a nan, yana da haƙƙin a yi masa rajistar zama ɗan ƙasa. Kuɗin ba kaɗan ba ne, na sani, ba kowa ke da shi ba. To, tun 2022 ana iya neman a yafe kuɗin ga yaron da bai kai 18 ba in iyaye ba su da hali. Wannan yaron ya wuce wannan damar da wata biyar. Wata biyar, 'yan uwa! Sau nawa muka zauna a ɗakin nan cikin shekara takwas ɗin da ya cancanta, muna gardamar wa zai kawo shinkafa wa zai kawo zoɓo, ba wanda ya ce, Hajiya, ina takardun yaron nan? Ni na farko a laifin.

Ta wajen gida ma ba a hana shi komai ba. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, in ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, to ɗan Najeriya ne. Sashe na 28 ya bar irinsa ya riƙe wata ƙasa tare da tasa. Lambar NIN da fasfo kawai za a nema masa, ba a nema ba. Kakarsa tana can Daura, duk sallah sai ta tambaya a waya yaushe za a kawo mata mijin nata. Bai taɓa ganin Kusugu ba, bai taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan Gani ba. Uwar ta ce ranar da aka yi jana'izar marigayi Buhari a Yulin 2025, yaron yana kallo a waya, ya juyo ya ce, Mama, wai nan ne garinmu?

Ranar Juma'a na raka su ofishin ɗan majalisar mazaɓarsu. An saurare mu da mutunci, an ce za a rubuta wasiƙa, ba wanda ya tambaye mu wa muka zaɓa. Ni ne a hanyar dawowa na tambaye ta ko sunanta yana cikin rajistar masu zaɓe. Ta ce ai zaɓen na Turawa ne. Shekara ashirin a unguwa ɗaya. Kuma kada kowa ya kalle ta, don in na ce a ɗaga hannu yanzu, kunya za ta kama rabin ɗakin nan.

Najeriya tana cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. Duk ɗan Najeriyar da ke da izinin zama a nan, ko na aiki ne ko na karatu, yana da ƙuri'a, daga kansila har ɗan majalisar dokoki. Ba sai ka zama ɗan ƙasa ba. Rajistar a intanet take, da lambar inshorarka ta aiki, ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Tun 2023 ana neman shaida mai hoto a rumfar zaɓe, kuma koren fasfonka ya isa. Waɗanda muke ƙin zaɓa su ne ke sauya dokar da ke shiga har cikin ɗakunanmu. Ƙannenmu masu aikin kula da tsofaffi sun sani: a Maris ɗin 2024 aka hana sabon zuwa kawo mata da 'ya'ya.

Amma a WhatsApp ɗin ƙungiya, wayyo! Daga asuba har tsakar dare, APC ce, PDP ce, an yi wa Daura, ba a yi wa Mai'adua ba. A kan zaɓen da ba mu da ƙuri'a a cikinsa sai mun sayi tikitin jirgi. A Maris ɗin 2022 Majalisar Tarayya ta ka da ƙudurin da zai ba mazauna waje damar zaɓe daga inda suke, alhali kuɗin da muke aikawa gida yana kai wajen dala biliyan 20 a shekara. Mu da muka tashi a bakin iyaka abin ya fi yi mana ciwo. Ka haye Kongolam, 'yan uwanmu na Nijar, kafin juyin mulkin 2023, kujeru 5 suka ware wa mazauna waje a majalisarsu. Senegal 15. Wannan haƙƙi za mu ci gaba da nemansa, za mu rubuta wa sanatanmu da 'yan majalisarmu da hukumar NiDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna waje. Sai dai da wane baki? Wanda aka ba shi bai karɓa ba, yana kukan wanda aka hana shi.

Na dawo kan yaron nan, don shi ne ya tsaya mini a wuya. Haƙƙinsa bai mutu ba, har yanzu ana iya yi masa rajista, amma yanzu sai an biya, ga kuɗin lauya, ga gurbin karatu yana neman kuɓucewa. Na tambayi ma'aji me ke asusun taimako. Mu 61 ne a littafi, 19 ne suka biya kuɗin wata. Fam goma, jama'a. Ba na tona asirin kowa, na san hayar gida, na san ana aika wa gida. Amma yau ɗanta ne.

Sauran rahoto a taƙaice: an biya hayar ɗaki zuwa ƙarshen shekara, rijiyar da muka taimaka a ƙauye an gama, hotuna na zuwa, maganar taron sallah mun ɗage ta zuwa zama na gaba.

Ga teburi can a baya kusa da ƙofa, sakatare zai zauna da kwamfuta. Duk wanda bai yi rajistar zaɓe ba, ya yi kafin ya ɗauki takalminsa. Duk mai yaro da aka haifa a nan, ya rubuta shekarar haihuwa da irin takardar da ke hannu, ba sai da suna ba in yana jin nauyi. Hajiya shugabar mata za ta karɓi na mata. Wanda ɗansa ya kai goma bai kai 18 ba, don Allah, don Annabi, ya same ni yau, ba gobe ba. Ambulan ɗin yaron nan zai zagaya yanzu, na sa nawa a ciki.

Ma'aji, bisimilla, karanta mana.