Ƙanƙara a farfela, hazo a sararin Sakkwato

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan jirgi mai saukar ungulu ne, irin wanda ake ɗaukar marar lafiya da shi, da kuma wata matsala da Basakkwace zai ji kamar almara, wato ƙanƙara.

A ƙasashen sanyi, gajimare kan riƙe ɗigon ruwan da sanyinsa ya wuce sifili amma bai daskare ba. Da jirgi ya kutsa ciki, ɗigon ya taɓa farfela, nan take sai ya daskare ya manne. Ita kuwa farfela, siffarta ce ke ɗaga jirgi. Ƙanƙara na ɓata wannan siffa, ƙarfin ɗagawa ya ragu, in wani ɓangare ya ɓalle ya bar wani, jirgi ya kama makyarkyata. Shi ya sa doka ta hana matuƙi shiga irin wannan gajimare sai jirginsa na da shaidar hukuma, EASA a Turai ko FAA a Amurka. Shaidar nan ba a samun ta da fatar baki. Sai an shimfiɗa wa farfela wayoyin lantarki masu ɗumama ta, an ƙara janareta, sannan a bi sanyi har gidansa a gwada jirgin cikin gajimaren gaske. Manya irin su AW139 da S-92 sun samu. Ƙananan da ke iya sauka a harabar asibiti kuwa, kayan sun yi musu nauyi.

Rega, ƙungiyar ceto ta jiragen sama a Suwizalan, ta ɗanɗana wannan. A 2015 ta yi odar AW169 guda 3 daga kamfanin Italiya da yanzu ake kira Leonardo, da sharaɗin su zo da cikakkiyar kariya daga ƙanƙara. Shekaru suka yi ta tafiya, haƙa ba ta cimma ruwa ba, aka fasa cinikin. A 2022 ta yi odar H145 na Airbus guda 21 domin sauya jiragenta masu saukar ungulu kaf. Abin da ya ja hankalina shi ne, sun fara duban samansu kafin su dubi jirgi.

To, mu fa? Iska na ƙara sanyi da kusan digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da aka hau. A nan sai an haura kilomita 5 ko kusa da haka kafin a tarar da ƙanƙara, kuma jirgin ɗaukar marar lafiya ba ya neman can. Namu ciwon hazo ne da zafi.

Ku tuna safiyar hunturu a Disamba ko Janairu, rana ta fito fari fat kamar faifai, mutum ya share gilashin mota da hannu ya ga yatsunsa sun yi furu-furu, fasinjoji na zaune jugum a filin jirgin Sultan Abubakar na III ana ta ɗaga lokacin tashi. Ƙurar nan tana cin bakin farfela kamar ana goga mata magagari, tana shiga inji. In jirgi ya zo sauka a fako a Gada ko Tangaza, iskar farfelarsa za ta tayar da ƙurar da za ta rufe matuƙi ruf, ƙasa ta ɓace masa a daidai lokacin da ya fi bukatar ganin ta. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, jirgin da ya ɗauki marar lafiya da likita da cikakken mai da asuba, da azahar sai an rage masa kaya.

Wallahi ina son in ga ranar da macen da naƙuda ta yi wa gardama a Isa ko Sabon Birni za ta iso Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta sama, ba a kwance a bayan mota ana jin tsoron hanya ba. Don haka duk ranar da gwamnati ta tashi sayen irin wannan jirgi, a tambayi mai sayarwa: akwai matatar ƙura a bakin inji? Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince ya tashi da na'ura in ido bai gani? Su wa za su gyara shi a nan? Kuma a kawo shi a gwada mana a Sakkwato, sau ɗaya cikin hazon Janairu, sau ɗaya da azahar ɗin Afrilu, kafin a biya ko kwabo.